Yatsun Wa Ke Hannunka?

Wata rana da la'asar, a gidan da muka raɓe a Gadarif bayan yaƙi ya kore mu daga ƙauyenmu na Jazira, na ga ƙanwata ta mari ɗanta. Yaron bai cika shekara 5 ba a lokacin. Laifinsa shi ne ya tsaya a bakin ƙofa ya tare wani tsoho mai tallan gawayi, ya yi masa bindiga da hannuwansa. Mu ma mun yi wasan bindiga muna yara, a miƙe manuniya a ɗaga babban yatsa a ce ta-ta-ta. Nasa daban ne. Ya miƙa hannun hagu gaba ya tallafi iska, ya kwantar da kumatunsa a kan kafaɗar dama, ya fizgi wani abu baya da sauri, sannan ya lanƙwasa manuniyarsa a hankali. Ya ƙare da karkaɗa yatsu biyu ƙasa, wato a zauna. Duk wanda ya fito daga yankin Wad Madani a watan Disamba na 2023 ya san wannan alamar, domin da wuya ka wuce shinge ba a yi maka ita ba.

Bayan ta mare shi sai ita ma ta fashe da kuka. Ta juyo gare ni ta ce, “Yaya, ina ya samo wannan? Wallahi a cinyata yake tun daga gida har muka iso.” Gaskiya ta faɗa. A cinyarta yake, kuma babu wanda ya zaunar da shi ya ce ga yadda ake yi. Abin da ta manta shi ne, ta rufe masa kunne da tafin hannunta saboda ƙarar harbi, amma idonsa a buɗe yake.

Tun daga ranar nake juya wata tambaya a raina, ita ce kuma na kawo muku. Idan hannun mutum yana ɗaukar abin da ido ya gani tun kafin zuciya ta yarda, to aikin da hannun ya yi na wane ne? Na mai hannun, ko na wanda aka gani yana yi? Kuma idan aikin mummuna ne, wa za a tambaya?

Mu Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu mun fi kowa dalilin yin wannan tambayar, domin tarihinmu a nan kusan duk tarihin hannu ne. Kakanninmu wasu hanyar aikin hajji ce ta biyo da su suka yada zango har zangon ya zama gari. Wasu kuma sun zo ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yi gabas, har suka kafa garin da ake kira Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Mutanen da suka yi tafiyar watanni da shekaru a ƙasa ba su zo da gona ko rumbu ba. Abin da ya ƙetare hamada tare da su shi ne abin da ke cikin ƙirjinsu na karatu da abin da ke cikin yatsunsu na sana'a. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe aikin noman auduga na Jazira, wanda daga baya ya haura faddan miliyan 2 bayan an ƙara yankin Manaƙil, hannayen nan ne aka nema don shuka da noma da ɗibar auduga. Da yawa daga cikinmu ba su taɓa mallakar hawasha ba, a kambo suka zauna a bakin magudanar ruwa, suna aiki a gonar wani. Jarinsu hannu ne, shi kuma suka bar wa 'ya'yansu.

Yadda ake barin wannan gadon shi ne abin lura. Kakarmu ta wajen uwa gwanar kaɗi ce. Na sha zama ina kallon yadda take koya wa 'yan matan gidanmu, kuma ban taɓa jin ta yi bayani ba. Iyakar abin da take cewa shi ne, “Zauna nan ki gani.” Sai ta ɗaga audugar da hannun hagu, ta dangwali alli da yatsun dama, ta murza mazari tsakanin babban yatsa da manuniya, zare yana fita kamar da kansa yake zuwa. Da za ka ce ta faɗa maka da baki nawa ne ƙarfin murzawar, ko yaushe ake sassauta audugar don kada zaren ya tsinke, ba za ta iya ba. Yatsunta sun sani, harshenta bai sani ba. Yarinya za ta yi kwanaki tana kallo, ranar da aka miƙa mata mazari kuwa sai ka ga ta riƙe shi daidai yadda Kaka ke riƙewa, har da ɗaga ƙaramin yatsa sama.

Haka matanmu suka koyi kisra a wurin maƙwabta. Ba da ita aka zo daga ƙasar Hausa ba. Zuba ƙullu a kan doka mai zafi, a shimfiɗa shi da gargariba cikin juyi ɗaya na wuyan hannu, a ɓamɓaro shi kafin ya ƙone, duk da ido aka ɗauke shi ta kan katanga. Haka kuma su maƙwabtan suka ɗauki agashe a wurinmu, har ya zama abincin titi a Hartum da Madani, yankan naman da barbaɗa yajin ƙuli duk irin na mahautan Hausa.

Masana ƙwaƙwalwa sun daɗe suna bin diddigin wannan hanya da ke tsakanin ido da hannu, kuma abin da suka gano zai taimaka mana wajen amsa tambayarmu. A 1992 wasu masu bincike a jami'ar Parma ta Italiya, ƙarƙashin Giacomo Rizzolatti, suna auna aikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar biri a sashen da ke tsara motsin hannu. Sai suka lura cewa wasu ƙwayoyin da ke motsawa idan birin ya kai hannu ya ɗauki abinci, suna motsawa kuma idan yana zaune kawai yana kallon mutum ya ɗauka. A 1996 suka raɗa musu suna ƙwayoyin madubi. Bayan shekara uku, a 1999, Marco Iacoboni da abokan aikinsa a Los Anjeles suka sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka ce su ɗaga manuniya ko yatsan tsakiya. Wani lokaci alama ake nuna musu a kan allo, wani lokaci kuma hannun mutum suke gani yana ɗaga yatsan. Motsin iri ɗaya ne, amma idan kwaikwayo ne sai wurare biyu su fi ɗaukar aiki: wani yanki a gaban ƙwaƙwalwa ta gefen hagu, wanda ake kira yankin Broka, da wani yanki can sama ta baya, wanda ke lura da inda kowace gaɓa ta jiki take.

Abin da aka fahimta a taƙaice shi ne, aikin kwaikwayo ba wuri ɗaya ke yin sa ba. Akwai yankin da ke gefen kai, kusa da kunne, mai gane cewa abin da ido ya gani motsin mai rai ne. Shi zai miƙa wa yankin sama na baya, wanda zai auna yadda hannun yake, ina ya dosa, yaya kusancinsa da fuska ko da abin da za a ɗauka. Daga nan a miƙa wa yankin gaba, wanda zai haɗa motsin ya shirya shi don a aikata. Sannan labari ya sake komawa baya, a gwada abin da hannunka ya yi da abin da idonka ya gani. Wani abin sha'awa shi ne, yankin Broka ɗin nan tun 1861 aka san shi da aikin furta magana. Wato wurin da ke taimakon harshe ya jera kalmomi yana da hannu wajen jera yatsu.

Na ga abin da ke faruwa idan wannan hanyar ta yanke, shekaru kafin yaƙi, a jikin kawuna. Masunci ne a wajen Maiwurno, ya yi shekara sama da 40 yana saƙar koma da ɗinke ta. Jini ya toshe masa a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, ɓarin jikinsa na dama ya saki. Muka kai shi wani asibiti a Madani. Hannunsa na hagu lafiya lau, yana matse hannunka har ka ji zafi. Sai likita ya tsaya gabansa ya ɗora bayan hannunsa ƙarƙashin haɓa, ya ce, “Baba, yi yadda na yi.” Kawu ya ɗaga hannu ya kai kumatu, ya dubi likita, ya mayar da shi kunne, ya juya tafin sama ya juya ƙasa, ya rasa inda zai ajiye shi. Yana gani sarai, ya kuma gane abin da ake so, amma hannun ya ƙi zuwa. Jim kaɗan ƙuda ya sauka masa a haɓa, ya kai hannun nan ya kore shi ba tare da kuskure ba.

Wannan larurar sunanta afraksiya, wani likitan Jamus mai suna Hugo Liepmann ne ya yi cikakken bayaninta a Balin a 1900. Ƙarfi yana nan, gani yana nan, abin da ya lalace shi ne gadar da ke mayar da abin da aka gani ko aka nufa ya zama motsi. Likitan ya kuma gwada Kawu da yatsu, ya haɗa babban yatsa da ƙarami ya miƙe sauran, wannan kam Kawu ya kusa yin sa daidai. Daga baya na karanta cewa Georg Goldenberg da Hans-Otto Karnath sun bayar da rahoto a 2006 cewa masu rauni a yankin sama na baya sun fi kasa kwaikwayon inda ake ajiye hannu, masu rauni a yankin gaba kuma sun fi kasa kwaikwayon jerin yatsu. Wasu binciken da suka biyo baya sun ga rabuwar ba ta kai haka tsafta ba. Ko ma yaya ne, na koyi abu ɗaya a ɗakin nan: kwaikwayon da muke rainawa, muna cewa ai ko biri ya iya, ni'ima ce mai sassa da yawa, ba ka sanin darajarta sai ranar da ka ga dattijo ya rasa hanyar haɓarsa.

To, ga inda maganar ta fara nauyi. Wannan gadar ba ta jiran a ba ta izini. A shekarar 2000 Marcel Brass da abokansa a Munik suka umarci mutane su ɗaga manuniya idan sun ga lamba 1, yatsan tsakiya idan sun ga lamba 2. A bayan lambar akwai hoton hannu yana ɗaga yatsa, an kuma ce kada su kula shi. Duk da haka, idan yatsan da hoton ya ɗaga ya saɓa wa wanda aka umarce su, sai su yi jinkiri ko su yi kuskure, idan ya dace kuma sai su fi sauri. Manya ne masu hankali, sun san abin da ake so, amma hannunsu yana karkata ga abin da ya gani. Idan haka babba yake, ina ga yaron da ke cinyar uwarsa a bayan babbar mota?

Wani zai ce to shi ke nan, an gama magana. Idan haka aka halicci ƙwaƙwalwa, babu laifin kowa. Yaro ya ga bindiga ya yi bindiga, saurayi ya ga ana kwasar kayan mutane ya kwasa, ɗan da ya ga ana dukan uwarsa ya girma ya daki matarsa, duk madubi ne, shi kuwa madubi ba a kai shi gaban alƙali. Wannan hujjar tana da daɗin ji ga duk wanda ke neman mafita, amma ba ta tsaya da ƙafarta ba, saboda dalilai biyu da su ma daga binciken suka fito.

Na farko, mutanen da Brass ya gwada jinkiri suka yi, amma a mafi yawan lokuta yatsan da aka umarce su shi suka ɗaga. Akwai abin da ke ja, akwai kuma abin da ke riƙewa. An san haka ne daga waɗanda suka rasa abin riƙewar. A 1986 likitan Faransa François Lhermitte ya bayyana wasu marasa lafiya masu rauni a gaban ƙwaƙwalwa, bayan goshi, waɗanda duk abin da ya yi a gabansu sai su yi. Ya sosa kai su sosa, ya ɗaga hannu su ɗaga, ko da ya ce musu su daina. Wannan shi ne mutumin da ya zama madubi zalla, kuma kowa ya gan shi ya san mara lafiya ne. Mai lafiya doki ne da linzami. Brass da wasu sun nuna daga baya cewa wuraren da ke aiki lokacin da mutum ke hana kansa kwaikwayo su ne kusan wuraren da ke aiki lokacin da yake bambanta kansa da waninsa, yana cewa wannan nufinsa ne, wannan kuma nawa. Linzamin nan yana daga cikin abin da ke jinkirin nuna a jikin ɗan Adam, ba ya gama ƙwari sai an wuce shekara 20. Saboda haka hukuncin yaro daban, na babba daban, kamar yadda shari'a da al'ada suka riga suka raba tun kafin a ƙera na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Babban da ya ce ai gani na yi ana yi, ya ambaci doki ya ɓoye linzami.

Na biyu, madubin kansa gina shi ake yi. An daɗe ana cewa jariri da kwaikwayo ake haihuwarsa, bisa wani bincike na Meltzoff da Moore na 1977, amma a 2016 wasu masu bincike a Ostireliya suka gwada jarirai sama da 100 ba su ga tabbacin hakan ba, har yau kuma ana muhawara. Abin da ya fi tabbata shi ne sabo yana sauya shi. A 2007 Caroline Catmur da Cecilia Heyes da wani abokin aikinsu a Landan suka horar da mutane su motsa manuniya duk lokacin da suka ga ƙaramin yatsa ya motsa, su motsa ƙarami idan sun ga manuniya. Bayan horo kaɗan, da aka auna, sai aka ga ƙwaƙwalwar ta juya, ganin ƙaramin yatsa yana tayar da tsokar manuniya. Wani binciken na 2005 a kan gwanayen rawa ya nuna ƙwaƙwalwarsu ta fi amsawa idan suna kallon irin rawar da jikinsu ya saba da ita. Ke nan idan ni da Kaka muna kallon mai kaɗi, ba abu ɗaya muke gani ba. Akwai ma masana irin su Gregory Hickok da suka yi gargaɗin cewa an ɗora wa ƙwayoyin madubi kayan da suka fi ƙarfinsu, an ce su ne tushen tausayi da magana da komai, alhali hujja ba ta kai nan ba. Gargaɗin yana kan hanya. Abin da ya rage bayan an tace shi ne, abin da ka yawaita gani da abin da ka yawaita yi su ne ke shimfiɗa hanyar da hannunka zai fi saurin bi. Hausawa sun faɗi haka da daɗewa, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Idan haka ne, kwaikwayo bai shafe alhaki ba, raba shi ya yi. Kaso ɗaya yana kan mai yi, gwargwadon ƙwarin linzaminsa. Kaso ɗaya yana kan wanda ya yi a gaban ido. Wani kason kuma yana kan wanda ke da ikon zaɓar inda idon zai zauna. Wannan na tsakiya shi muka fi mantawa da shi. Mutumin da ke tsaye a shinge yana karkaɗa yatsu biyu, a ganinsa da direba yake, bai san ya buɗe makaranta ba, bai san akwai ɗalibi mai shekara 4 a bayan mota ba. Rashin saninsa bai hana darasin shiga ba.

Akwai kuma masu kallon al'amarin ta ɗaya gefen, su ce matsalar ita ce kwaikwayon kansa. A ganinsu mutumin kirki shi ne wanda ba ya yin abu sai ya san dalili, sauran kuwa 'yan bi-yarima-a-sha-kiɗa ne. Ina girmama wannan ra'ayin, amma ina ganin bai yi wa yaro adalci ba, bai kuma yi wa ilimi adalci ba. A 2005 Victoria Horner da Andrew Whiten suka nuna wa birai nau'in cimfanzi a tsibirin Ngamba na Yuganda, da kuma yara 'yan shekara 3 zuwa 4, yadda ake fitar da abu daga wani akwati. Cikin matakan da suka nuna akwai waɗanda ba su da amfani ko kaɗan. Da aka kawo akwati mai garai-garai wanda ake ganin cikinsa, birai suka watsar da matakan banza suka tafi kai tsaye ga abincin. Yaran kuwa suka ci gaba da yin komai yadda aka nuna musu. Da ji na farko za ka ce biri ya fi wayo. Amma biri bai taɓa gadon kaɗi ba. Yarinyar da ke gaban Kaka ba ta san wanne ne dole ba tsakanin dangwalar alli da ɗaga ƙaramin yatsa. Da za ta ce ba za ta yi ba sai an gamsar da ita, da ta tsufa ba ta kaɗa abawa ko ɗaya ba. Sai ta ɗauka duka, daga baya hannunta ya gane cewa alli ne ke hana santsi, ɗaga yatsan kuwa ɗabi'ar tsohuwa ce kawai. Fahimta tana zuwa ne bayan yi, kuma ta hanyar yin.

Malamanmu ma sun yi wannan muhawarar a fagensu, a kan matsayin mai bin abin da ya tarar ba tare da sanin hujja ba. An san Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, kakan Mai Wurno na sama, da tsayawa tsayin daka wajen kare talakawa daga masu kafirta su saboda ba su iya jero hujjojin ilimin tauhidi ba, kuma shi ɗin ne ya ƙarar da rayuwarsa yana karantar da su, maza da mata. Bai raina mai koyi ba, bai kuma bar shi a inda ya same shi ba. Kowannenmu da kallon babba ya koyi alwala da ɗaga hannu da nuni da manuniya a zaman tahiya, shekaru kafin ya buɗe littafi. Yaron da ke kwafe komai, har da abin da ba shi da amfani, amana ya ba ka. Ya ɗauka duk abin da hannunka ya yi yana da dalili. Tunda shi ba zai iya tacewa ba, tacewar ta koma wuyanka.

Akwai wani nau'in kwaikwayo da ba mu cika kiran sa da sunansa ba, shi ne ramuwa. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu a kan ƙasa da sarauta, ya taɓa Rusairis da Damazin, ya sake tashi a Oktoba a yankin Wad al-Mahi. Ɗaruruwan mutane suka mutu, dubbai suka bar gidajensu. Ban kawo wannan don in yanke hukuncin wa ya fara ba, kuma neman haƙƙi ta hanyarsa wajibi ne. Abin da na lura da shi a zantukan samarinmu a lokacin shi ne kalma ɗaya: yadda suka yi mana haka za mu yi musu. Ka duba wannan maganar da kyau. Mai faɗin ta yana jin shi ɗa ne mai zuciya wanda ba ya bin kowa, alhali ya zaɓi malami, malamin kuwa shi ne mutumin da ya fi ƙi a duniya. An ƙona masa bukka, hannunsa ya ɗauki yadda ake ƙonawa. Ana cewa ramuwar gayya ta fi gayya zafi, to ɗalibi ne ya fi malaminsa. Mutanen da suka yi shekara 100 suna ɗaukar juyin gargariba da yankan agashe a hannun juna, hanyar nan dai ita ce ta ɗauko musu wannan. Gadar ba ta zaɓar kaya. Wurin da ake gane mai linzami shi ne lokacin da hannunsa ya riga ya san abin da zai yi, kowa a gefensa yana yi, shi kuma ya riƙe.

Na koma ga ɗan ƙanwata. Bayan kwana biyu da marin, na gan shi ya mari ƙanwarsa don ta taɓa masa murfin kwalba. Ya ɗaga hannu daidai tsayin da uwarsa ta ɗaga, har da cije leɓe. Na kira ta na ce, “Zo ki ga hannunki.” Ba ta ce komai ba, ta koma ɗaki. Ban faɗa don in kunyata ta ba, domin ni ma na sha ganin yatsan mahaifinmu a hannuna idan ina yi wa yara faɗa, yatsan da na rantse ina yaro ba zan taɓa nuna wa kowa ba. Marin da ta yi don ta goge darasi ɗaya, darasi na biyu ya rubuta.

Abin da muka yi daga baya ba wata dabara ba ce babba. A unguwar akwai wani dattijo, shi ma ɗan gudun hijira daga wajen Sinnar, yana ɗinkin hula a gindin bishiya. Muka roƙe shi ya bar yaron ya riƙa zama kusa da shi da hantsi. Ya ce, “Ku kawo shi, amma ni ba na surutu.” Muka ce abin da muke so ke nan. Bayan 'yan makonni sai ga yaron yana lasar bakin zare yana murza shi da yatsu biyu, yana runtse ido ɗaya kamar mai neman kafar allura, alhali babu allura a hannunsa. Likitocin da ke kula da masu shanyewar jiki ma suna gwada irin wannan, su sa mara lafiya ya kalli hannu yana aiki sannan ya gwada, don a farfaɗo da hanyar da ta toshe.

Ba zan ce muku ya manta bindiga ba. Har yanzu idan babur ya yi ƙara sai ka ga kafaɗarsa ta ɗaga, hannun hagu ya fara miƙewa. Abin da ya shiga ya shiga, iyakar ƙoƙarinmu mu sa masa wasu abubuwan a gefensa, mu kuma jira linzaminsa ya yi ƙwari. Ranar da ya girma, abin da zai yi da hannun nan nasa ne, shi za a tambaya. Kafin ranar kuwa mu za a tambaya, mu da muke cin abinci da ba da sadaka da nuna mutane da yatsa a gabansa, muna zaton ba ya kallo.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a Jazira da Sinnar da Shuɗin Nilu da Sudan baki ɗaya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya sa hannayenmu su zama abin koyi na alheri. Amin.